Jawabi Ga Hakimai A Kan Gobara Lokacin Salla

Salla takan matso da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Saboda haka wani zubin takan faɗo cikin hunturu ko bazara, sa'ad da jinka da zana da dangar kara suka bushe ƙayau, ga kuma iska.

Abin tsoro a Babbar Salla shi ne suyar nama. Uwargida ta ɗora kasko cike da kitse, ta ji tamburan hawa, ta bar wa yarinya murhu. Kitse kuwa in ya yi zafi ainun, da kansa yake kamawa. Nan ne akan yi ɓarna, watau a sheƙa masa ruwa. Ruwan nutsewa yake yi ƙarƙashin mai, ya zama tururi nan take, ya watsa wutar har bisa jinka. Maganinta a kife murfin ƙarfe a kan kaskon, a janye itace, ko a zuba yashi.

Lalle ne hakimai su umurci dagatai da masu unguwa su sa a yi shela tun kafin jajibere, a kafa murhu nesa da danga da rumbu, a ajiye yashi kusa, kada a kwana da garwashi. Malamai kuwa su riƙa rubuta kowace gobara da sanadinta.