Baƙo A Wurin Lacca

Yau ba za mu taɓa allo da alli ba sai mun gama wata magana, domin an yi mini tambayarta a ajin Isa, an kuma yi mini a na Sabon Birni. Tambayar ita ce, idan mai neman shugabancin Nijeriya ya zo yin lacca, mutumin Nijar da ke zaune cikinmu yana da halin zuwa, ko kuwa laifi ne?

Ba mamaki tambayar ta dame mu. Kun sani Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 waɗansu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga Tsibirin nan Ɗan Halima ya taso ya kafa Sabon Birni. Can daga baya, tsakanin 1906 da 1908, Turawan Ingila da na Faransa suka auna ƙasa, suka sa alamun iyaka. Wa ya faɗa wancan gefe, ƙane ya faɗo wannan. Tsagarmu ɗaya, bakinmu ɗaya. In an cika fili, wa zai duba fuska ya ce wannan na Tsibiri ne, wancan na Isa?

To, ga amsa. Zuwa sauraro ba laifi ba ne. Filin lacca a buɗe yake, ba a tambayar kowa takarda a bakin ƙofa. Ni a ganina ma ya kamata baƙo ya je ya ji, don abin da za a faɗa ya shafi tukunyar gidansa. Ku tuna da rufe iyaka da aka yi a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai Disamba ta 2020. An sake rufewa a 2023, bayan juyin mulkin Nijar. Mai saro wake da mai kora dabbobi kasuwa duk sun ji a jikinsu, ba a tambayi ko ɗan wace ƙasa ne ba.

Amma kunne kaɗai baƙo zai kai wurin. Kada ya karɓi hula ko riga ta jam'iyya. Kada ya hau motar da aka yi haya don a cika fili, ko da an ce akwai na goro. In faɗa ya tashi, 'yan sanda suka yi kame, ɗan gari danginsa za su zo su yi belinsa. Shi baƙo ana iya miƙa shi ga ma'aikatan shige da fice su fid da shi ƙasar, ga gonarsa ba a girbe ba.

Manya ma abin ya taɓa jawo musu surutu. Ran 31 ga Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi babbar lacca a Kano, gwamnan Maraɗi da na Damagaram suka halarta. Jam'iyyar PDP ta yi ta ƙorafi, ta ce baƙi sun sa hannu cikin zaɓen Nijeriya. Su gwamnoni ne, sun shiga motocinsu sun koma gida. Talaka fa?

Yanzu sai babbar magana, wato katin zaɓe. Tsarin mulkin 1999 ya ce mai jefa ƙuri'a sai ɗan Nijeriya wanda ya cika shekara 18, ya kuma yi rajista. Wanda ba ɗan ƙasa ba in ya karɓi kati ya karya doka, akwai tara, akwai ɗauri. Kafin zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 ma'aikatan shige da fice sun ƙwace katuna a hannun baƙi, ranar zaɓen kuma aka rufe iyakokin ƙasa. Wanda ya ce wa maƙwabcinsa baƙo, "Zo in kai ka a yi maka kati," rami ya haƙa masa.

To, wane ne ɗan ƙasa? A nan ku kasa kunne, don da yawa cikin waɗanda ake kira baƙi ba baƙi ba ne. Wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai a 1960, in uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne. Wanda aka haifa a Madarunfa ko Gidan Runji, in uwarsa 'yar Isa ce, ɗan Nijeriya ne, ko da ubansa mutumin Nijar ne. Ku mata, kun ji, gefenku ma yana ba ɗa ƙasa. Amma haihuwa a nan kaɗai ba ta isa ba, in iyaye da kakanni duk na can ne. Matar da aka auro daga Nijar kuwa aure bai mai da ita 'yar ƙasa nan take ba, sai ta nema a rubuce an yi mata rajista.

Kada kuma kowa ya mai da kalmar baƙo sandar dukan abokin hamayya. A watan Janairu 1980 aka kama Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Jihar Borno, aka kai shi Cadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu ta bincika, ta ce ɗan ƙasa ne, ya komo gida. Mu kuma mu tuna, tun 2019 'yan bindiga sun kori dubban mutanenmu zuwa Jihar Maraɗi. Da Nijar ta yi zaɓen shugaban ƙasa a Disamba ta 2020, su ne baƙi a bakin filin laccar wasu.

Ran Litinin duk mai katin zaɓe ya zo da shi aji. Za mu karanta sunan da ke kai, da shekarar haihuwa, da sunan rumfar da aka rubuta masa. Wanda yake shakkar matsayinsa ya tambayo tsofaffin gidansu garin da aka haifi iyayensa da kakanninsa, ya zo mu rubuta tare. Yanzu kowa ya ɗauko allonsa.