AMSOSHIN WASIƘUNKU: SHUKA RAN LAHADI ZUNUBI CE?

 Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Ya ce an yi ruwan shuka ran Asabar da dare, ƙasarsu kuwa rairayi ce, kwana biyu danshi ya gudu. Da aka tashi daga sujada ran Lahadi sai ya ɗauki sungumi ya je ya shuka geronsa. Yanzu wani dattijon ikilisiya ya ce ya karya doka ta huɗu, kada ya ci Jibin Ubangiji sai ya tuba. Yana tambaya, shin ya yi zunubi?

To ɗan'uwa, mun gode da wasiƙarka. Da farko dai kada ka raina maganar dattijon nan, domin yana da madogara. Fitowa 34:21 ta umarci Isra'ilawa su huta ko da lokacin noma ne ko girbi. Amma sai mu tambaya, don me aka ba da dokar? Duba Maimaitawar Shari'a sura 5. Dalilin da aka kawo shi ne su ma sun taɓa zama bayi a Masar, saboda haka bara da baranya da baƙo, har sa da jaki, kowa ya sami hutu kamar maigida. Ka ga ke nan jinƙai ne tushenta.

Nan ne Yesu Almasihu ya saɓa da Farisiyawa. A Markus sura 2, almajiransa sun zagi zangarkun hatsi ran Asabar don yunwa, aka ce sun yi girbi. Sai ya tuna musu yadda Dawuda ya ci keɓaɓɓiyar gurasa lokacin da yunwa ta matsa masa, ya kuma nuna cewa ranar hutu don amfanin ɗan'adam aka yi ta. A Matiyu sura 12 kuma ya tambaye su, wa zai bar tunkiyarsa cikin rami don wai ranar hutu ce?

Sa'an nan ka sani, ainihin ranar da dokar ta ambata Asabar ce, rana ta bakwai. Kiristocin farko sun riƙa taruwa ran Lahadi ne domin ran nan Almasihu ya tashi daga matattu, kamar yadda muka gani a Ayyukan Manzanni 20:7. Sai a shekara ta 321 Sarkin Rum Konstantin ya mai da Lahadi ranar hutu ta hukuma, shi ma ɗin ya ɗauke wa manoman karkara, don ya san ba kullum ake dacewa da ranar shuka ba. Har yau akwai masu bi da ke kiyaye Asabar, Romawa sura 14 kuwa ta gargaɗe mu kada mu hukunta juna a kan ranaku.

Saboda haka a fahimtarmu, mutumin da ya je sujada, sa'an nan ya ceci abincin iyalinsa na shekara guda, bai yi abin da za a hana shi Jibi ba. Amma fa a yi hattara. Tunkiya ba kowace Lahadi take faɗawa rami ba. In ya zama shuka Lahadi, noman firi Lahadi, maimai Lahadi, kasuwa Lahadi, to wannan haɗama ce da rashin dogara ga Allah. Ka kuma tambayi kanka, uwargida tana hutawa? 'Yan ƙodago fa, da shanun huɗa? Wanda ya zauna a majami'a yana waƙa alhali ya tura yaran wasu gonarsa, shi ne ya fi karya dokar.

Shawarata, ka sami dattijon nan a gida, ka gaishe shi da ladabi, ku zauna da fasto ku karanta surorin nan tare. Kada gardama a kan ranar hutu ta hana ikilisiya hutawa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.