Ma'anonin Kalmomin Furuci a Harshen Ingilishi

 

Batun da zan yi magana a kansa ƙarami ne ga ido, amma yana da nauyi. Ina nufin kalmomin aikatau, watau fi'ilai, waɗanda Bature ke amfani da su in zai ba da labarin cewa wani ya buɗe baki ya yi furuci. Masaniyar harshe Anna Wierzbicka ta wallafa ƙamus sukutum a 1987 a kan irin waɗannan kalmomi kaɗai, ta yi bayanin fiye da 200 daga cikinsu. Mu kuwa, in mun zo fassara, sau da yawa mukan tattara su duka mu zuba cikin ƙwarya guda, mu ce "ya ce". Abin da nake so in nuna shi ne, yawancinsu suna ɗauke da hukuncin mai ba da labari a kan mai maganar, kuma tafintan da bai lura da wannan ba yana iya shafa wa mai gaskiya kashin kaji, ko ya wanke mai laifi, ba da saninsa ba.

Bari mu fara da manya guda huɗu, waɗanda kowane ɗan makaranta ya sani: "say", "tell", "speak" da "talk".

Ita "say" hankalinta yana kan kalmomin da suka fito daga baki, ko da mai sauraro ko babu. Ita ce 'yar'uwar "ce" tamu, kuma ita ce ta fi kowace adalci, domin ba ta ƙara kome a kan abin da aka faɗa. "Tell" kuwa tana neman wanda aka yi wa maganar. A nan Hausa da Ingilishi sun yi dace, gama mu ma ba mu cewa "ya gaya" mu yi shiru, sai mun ce ya gaya mini, ko ya gaya wa Audu. Ɗalibin da ya riƙe wannan ba zai ƙara rubuta "he said me" ba. Amma akwai wuraren da "tell" ke tafiya ba tare da mai sauraro ba, kamar wajen faɗin gaskiya, da ƙarya, da labari, da lokaci. A tsohon Ingilishi kalmar "tellan" tana nufin ƙidaya da jera abubuwa bi da bi, kuma ragowar wannan ma'ana tana nan har yau, shi ya sa ake kiran mai ƙirga kuɗi a banki "teller". Haka abin yake a Jamusanci, inda kalmar ƙidaya da ta ba da labari suka fito daga saiwa ɗaya. Ke nan mai ba da labari mai lissafi ne, yana jera abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya.

"Speak" ta shafi aikin furucin kansa, da iya harshe, da magana a gaban taro irin wadda nake yi yanzu. Ku lura da wani abu a nan. Bature yakan ce mutum yana furta harshe kaza, Bahaushe kuwa yakan ce yana jin harshe kaza. Shi ya ɗora gwaninta a baki, mu muka ɗora ta a kunne, kuma daga nan ne kuskuren nan na "I hear English" ya samo asali. Daga wannan kalma aka sami "Speaker" na majalisa. Mutumin farko da aka rubuta da wannan laƙabi a Majalisar Ingila shi ne Thomas Hungerford, a 1377, kuma aikinsa shi ne isar da maganar wakilan jama'a ga sarki. Waɗanda suka fassara shi da Kakakin Majalisa sun yi gwaninta, don kakaki ma muryar wani yake ɗaukakawa. "Talk" kuma ita ce hira da zance, inda ake ba ni in ba ka. In gwamnatoci biyu suka zauna "talks", tattaunawa suke yi, ba jawabi ba.

Rukuni na biyu shi ne na yadda murya ta fita. "Whisper" raɗa ce. "Shout" ɗaga murya ne, da fushi ko da murna ko don nisa. "Scream" ihu ne na tsoro ko zafi. "Stammer" i'ina ce. Sai biyun da ke rikita ɗalibai, "mumble" da "mutter". Mai yin ta farko yana tauna maganarsa ne har ba a gane ta, watakila don kunya ko rashin haƙora. Mai yin ta biyu ƙunƙuni yake yi, ya rage murya da gangan domin ransa a ɓace yake. Hausa ba ta rasa kalmomin ba, sai dai gininta daban ne: mukan ɗauki suna mu haɗa da "yi", mu ce ya yi raɗa, ya yi gunaguni, ya yi tsawa, inda Bature zai kawo kalma ɗaya tak.

Yanzu mun zo rukuni na uku, wanda shi ne zuciyar zancena. A 1066 Wiliyam, mai mulkin Normandi ta ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru aru-aru. Ta wannan ƙofa, da kuma ta harshen Latin na malamai, kalmomi irin su "claim", "allege", "admit", "confess", "deny" da "declare" suka shigo Ingilishi. Shi ya sa har yau suke da ƙanshin kotu.

A ce an kama wani mutum ana tuhumarsa da satar rago a kasuwa, aka tambaye shi, ya amsa da cewa, "Ranar ina kasuwa." Magana ɗaya ce, amma ku dubi yadda manema labarai huɗu za su iya kai ta. Na farko ya rubuta "he said": ya isar da saƙo, ya tsame hannunsa. Na biyu ya rubuta "he claimed": ya saka shakka, kamar yadda mukan ce "wai", ko "ya yi iƙirarin". Na uku ya rubuta "he admitted": ya nuna maganar gaskiya ce, kuma mutumin bai so faɗinta ba, sai da aka matsa masa. Na huɗu ya rubuta "he confessed": wannan ya gama da shi, ya mai da zuwa kasuwa laifi, ya mai da amsa tambaya amsa laifi. In tafinta ya fassara duka huɗun da "ya ce", ya ɓoye wa mai sauraro son zuciyar marubucin. In kuwa ya fassara na farko da "ya amsa laifinsa", ya ɗaure mutum da igiyar da ba alƙali ne ya tufka ba.

Haka nan "allege" tana nufin an yi zargi ba a riga an tabbatar ba, kuma 'yan jarida suna fakewa da ita don kada a kai su ƙara kan ɓata suna. Wanda ya yar da ita wajen fassara ya mai da zato tabbas. Sai kuma "deny" da "refute". Ta farko musu ne kawai, mutum ya ce bai yi ba. Ta biyu, a asalin ma'anarta, rusa zargi ne da hujja. Turawa da kansu sukan cakuɗa su, masu kula da harshe a cikinsu suna ta ƙorafi. Mu ma ya kamata mu bambanta "ya musanta" da "ya ƙaryata da hujja".

Rukuni na ƙarshe shi ne na kalmomin da faɗinsu shi ne aikata su. Masanin falsafa J. L. Austin ya yi laccoci a kan wannan a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1955, aka buga su a littafi a 1962, bayan rasuwarsa. Ya nuna cewa wanda ya ce "I promise" ba labarin alkawari yake bayarwa ba, ɗaukar alkawarin yake yi a nan take. Haka "swear" wajen rantsuwa, da "sentence" a bakin alƙali. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A wurin ɗaurin aure, in waliyyi ya ce "na ba shi", wakilin ango ya ce "na karɓa", a gaban shaidu, aure ya ɗauru. In mai bin bashi ya ce "na yafe", bashi ya faɗi. Amma sharaɗi ne mai furucin ya zama yana da ikon yin haka, gama in ɗan kallo ya yanke hukunci a kotu, surutu kawai ya yi.

Saboda haka, ɗalibaina da za ku zama tafintoci da malamai da ma'aikatan gidajen rediyo, ga shawarata. Duk lokacin da kuka ci karo da ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi, ku yi wa kanku tambaya uku kafin ku ɗora alƙalami. Wa aka yi wa maganar? Da wace irin murya aka yi ta? Shi mai ba da labarin, ya yarda da ita, ko yana shakka, ko ya riga ya yanke hukunci? Ƙamus zai taimake ku, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa na Ingilishi da Hausa wanda Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, amma ƙamus ba zai amsa muku tambaya ta uku ba, sai kun karanta jimlar da kyau. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. In haka ne ga wanda ya yi tasa, ina ga wanda aka ba amanar ɗaukar ta wani ya kai wa dubban masu sauraro?