Jawabi A Dawakin Tofa A Kan Laftanar Kanar Abu Ali



Duk mai cinikin banda a cikinku ya san Baga, ya kuma san yadda kifi ya yanke mana da 'yan Boko Haram suka kama garin ran 3 ga Janairu, 2015. Kafin Fabrairu ya ƙare soja suka ƙwato shi. A cikin waɗanda suka ja tankokin yaƙi a gaba akwai Manjo Muhammad Abu Ali. Saboda wannan jaruntaka, da wadda ya nuna a wasu garuruwan Barno, Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa Janar Tukur Buratai ya ɗaura masa anini na Laftanar Kanar a Gamborun Ngala cikin Satumba, 2015, tun lokacin ƙarin girmansa bai yi ba.

Ran 4 ga Nuwamba, 2016, da dare, abokan gaba suka auka wa soja a Malam Fatori, can bakin iyakar Nijar. A nan aka harbe shi, yana da shekara 36. Allah ya jiƙansa. Ran 7 ga wata aka binne shi a maƙabartar soja ta Abuja, a 2017 kuwa aka sa sunansa ga filin koyon harbi a dajin Sambisa.

Ya cancanta, ba mu ja ba. Ɗan babban gida ne, mahaifinsa Birgediya ne da ya yi gwamnan Bauchi, da ya so inuwa da ya same ta, amma ya zaɓi bakin daga.

To, amma ranar nan gawa bakwai aka binne. Wa zai tashi a nan ya faɗa mini sunan ko mutum ɗaya cikin shidan nan? Saje ne da kofur da kurtu, irin 'ya'yanmu da ke ajiye fartanya su tafi Zariya a ɗauke su soja. Haka aka yi wa kakanninmu da suka mutu a Bama a 1944 da 1945, sunayensu na jikin dutse a wata ƙasa, a gida an manta.

Abin da muke nema ke nan: kowane mai unguwa, daga Dawanau har Dawaki, ya rubuta gidajen da ɗansu ya faɗi a yaƙin nan, a bincika ko matarsa ta karɓi haƙƙinsa, ko marayunsa na makaranta. A kawo mana takardun kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya.