Bango a hayaƙi, bango a abinci: jawabin ma'aikaciyar lafiya a taron iyaye

 

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, musamman bayan faɗuwar Madani a Disambar shekarar, Managil ta cika da baƙi. Samari da yawa sun rasa makaranta, sun rasa aikin gona, barci ma ya ƙaurace musu. A irin wannan hali ne mai sayar da bango yake samun kasuwa. Bango shi ne abin da 'yan'uwanmu na Kano da Maraɗi suke kira wiwi. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Sudan ta 1994 ta hana nomansa da sayarwa da sha. Amma yau maganar lafiya zan yi.

Wasu suna nannaɗe shi su zuƙa. Wasu kuma suna dafa shi da mai ko madara, su sa a alawa, ko kek, ko shayi, suna cewa ai wannan ya fi sauƙi tunda babu hayaƙi. Ku saurara da kyau.

Sinadarin da ke bugarwa sunansa THC. Idan aka zuƙa, daga huhu yake shiga jini, cikin 'yan mintoci ya kai ƙwaƙwalwa, kuma mayen yakan sauka bayan awa 2 zuwa 3. Hayaƙin yana kawo tari da majina. A tanti ɗaya, jariri da tsoho da mai asma duk suna shaƙa, ga haɗarin gobara.

Idan kuwa aka ci, sai ya bi ta ciki da hanta. Yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 2 kafin a ji komai. Nan ne tarkon yake. Mutum ya ci, ya ji shiru, ya ƙara, sai duka su taso masa lokaci guda. Hanta kuma tana juya shi zuwa wani sinadari mai saurin ratsa ƙwaƙwalwa, mayen yana iya kaiwa awa 12. Ido ba ya gane yawan abin da aka zuba. Daga nan sai bugun zuciya, amai, firgita, wani har ya riƙa ganin abin da babu.

Babban abin tsoro shi ne yara. Yaro ba ya ɗaukar nannaɗen taba, amma alawa ba ya wuce ta. A Amurka, yara 'yan ƙasa da shekara 6 da aka kai rahoton sun ci irin wannan abinci sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Can ma da ake rufe shi a kwali ke nan, balle mu da muke kwana goma a ɗaki ɗaya.

Idan yaro ya kama barcin da ba a iya tashinsa, ko yana tangaɗi, ko numfashinsa ya yi ƙasa, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko ruwa. A kwantar da shi ta gefe, a kawo shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. A zo da ragowar abin da ya ci, a faɗa mana gaskiya. Ceton ransa ne aikinmu.

Mata masu ciki da masu shayarwa, ko ta wace hanya aka sha, yana kaiwa ga jariri ta mahaifa da ta nono. Samari, haɗa shi da tramadol ko aragi yana ƙara haɗarin, kuma wanda ya fara da ƙuruciya ya fi kusa da taɓin hankali.

Iyaye, ku hana yara karɓar abin ci daga wanda ba ku sani ba. In ɗanku ya riga ya faɗa, kada ku kore shi, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku zo tare da shi, mu duba rashin barcin da damuwar da suka kai shi. Maganar da aka yi a ɗakin lafiya, a nan take tsayawa.

Allah Ya kare mana zuri'a, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.