Miƙa Wuya ga Allah a Bakin Daga: Darasin Ribaɗin Wurno

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Majiɓincin lamarin bayinSa, wanda ganye ba ya faɗuwa face da saninSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda da Sidi Abdulƙadir Jilani, da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, babu muridin da bai san kalmar tawakkali ba. Tana cikin abin da ake fara ji ranar karɓar wuridi. Sai dai sanin kalma a zauren zikiri daban, riƙe ta ranar da gari ya ƙone daban, kuma mutanen gabashin Sakkwato sun ga irin wannan rana fiye da sau ɗaya. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, Gulbin Rima ya cinye gonaki da ƙauyuka, har ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan yankin Gandi a ƙasar Raba, suka kashe mutum fiye da 30, sauran suka gudu. A ranar 17 ga Oktoba, 2021, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka riga mu gidan gaskiya. Bayan kowace musiba irin wannan akan ji murya biyu. Wani ya ce haka Allah Ya ƙaddara, ya naɗe hannu, ya kira naɗe hannun nan miƙa wuya. Wani kuma, galibi matashi, ya ce tasbaha ba ta tare harsashi, ya daina zuwa zawiya. Na biyun ya fi tayar wa dattawa hankali, amma na farkon ne ya haife shi.

Hujjatul Islam Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa tawakkali daraja uku a cikin Ihya'u. Ta farko ita ce bawa ya dogara ga Ubangijinsa kamar yadda mai ƙara ke dogara ga wakilin da ya amince da iliminsa da gaskiyarsa. Ta biyu, ya zama kamar jariri da uwarsa: bai san kowa ba sai ita, in ya firgita ita yake kira. Ta uku, ya zama kamar gawa a hannun mai wanka. Wannan misali na ƙarshe ya zo kuma a cikin Futuhul Gaibi na Sidi Abdulƙadir, kuma shi ne wanda malalaci ya fi ƙauna, domin yana zaton an ba shi lasisin kwanciya. Ya manta cewa wanda ya kawo misalin ya shekara da shekaru yana karantarwa a makarantarsa ta Bagadaza, yana wa'azi, yana ba da fatawa, yana ciyar da baƙi, har ya koma ga Allah a 1166.

Wannan tambaya, wato mene ne rabon bawa a cikin tsirarsa, ba Musulmi kaɗai ta dama ba. Mafi yawan Hausawa sun san addinin Hindu ne ta fina-finan Indiya, inda ake ganin mace a gaban gunki tana kuka tana roƙo. Malaman Musulunci sun san shi ta wata ƙofar. Abu Raihan Albiruni ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta littafi a kan Indiya wajen 1030, ya kuma lura da wuraren da maganar masu ibadarsu ta yi kama da ta Sufaye. Daga baya, a zamanin daular Mugal, Dara Shiko ɗan Sarki Shah Jahan, wanda Baƙadire ne ta hannun Mulla Shah, almajirin Miyan Mir na Lahor, ya rubuta Majma'ul Bahraini wajen 1655 yana neman haɗa kogunan biyu. Malaman zamaninsa ba su bi shi a kan haka ba, kuma a 1659 ƙanensa Aurangzeb ya sa aka kashe shi bayan rikicin gadon sarauta. Tauhidi bai karɓi abokin tarayya ba, bai karɓi gunki ba, kuma babu mai neman haɗa abin da bai haɗuwa. Abin da za a ɗauko daga can misali ne guda, domin ya fito da tambayar fili fiye da dogon bayani.

A kudancin Indiya akwai mabiya wani malami mai suna Ramanuja, wanda ake cewa ya rasu a 1137, kuma ya zauna a Sirirangam. Suna bauta wa abin da suke kira Bishnu. Ƙaunar abin bauta suna ce mata bakti, jefa kai gaba ɗaya a hannunsa kuma sharanagati, ma'ana neman mafaka. Bayan Ramanuja da 'yan ƙarnuka sai mabiyansa suka rabu gida biyu a kan wannan mas'ala. Mutanen arewa, masu cibiya a Kancifuram, suka ce bawa kamar ɗan biri yake: uwar ce ke tsalle daga reshe zuwa reshe, ita ke kai shi inda za shi, amma dole ya ƙanƙame cikinta, in ya saki ya faɗi. Mutanen kudu suka ce a'a, bawa kamar ɗan kyanwa yake, wadda Sakkwatawa ke kira mussa: uwar takan kama shi a wuya da bakinta ta ɗauke shi daga wuta, shi kuwa ba ya riƙe komai, lanƙwashewa kawai yake yi. Ga Bahaushe misalin ya zo daidai da harshensa, domin ɗan mussa ne ya miƙa wuya a zahiri. Har yau gidajen biyu suna nan, kowane da alamarsa a goshi.

Ahlus Sunna ba su tsaga wannan tambaya gida biyu ba. Sahlu ɗan Abdullahi Tustari ya nuna cewa tawakkali halin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, neman sababi kuma sunnarsa ce, kuma wanda ya soki ɗaya ya taɓa ɗayan. Ranar hijira an yi hayar ɗan jagora, an tanadi raƙuma biyu, an ɓuya a kogon Sauru kwana uku. Ranar Uhudu an sa sulke biyu. Balaraben da ya tambaya a kan raƙumarsa an umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Gaɓɓai suna riƙo irin na ɗan biri, zuciya kuwa tana sake irin ta ɗan mussa, a lokaci guda, a jikin mutum guda. Wannan ya fi kowane ɗaya daga cikin biyun wuya, shi ya sa ake buƙatar shehu da wuridi da tarbiyya.

Wanda ke son ganin haka a aikace ba sai ya je nesa ba. Muhammadu Bello an haife shi a 1781, ya tashi a Degel a gidan da Ƙadiriyya ta cika. Yana ɗan shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ya ga nasarar Tafkin Kwatto, kuma kafin shekarar ta fita ya ga Tsuntsuwa, inda jama'a ta yi asarar mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Mutumin da ya binne irin waɗannan malamai yana saurayi ba ya buƙatar a karanta masa babin ƙaddara. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 ya gina Sakkwato a 1809, aka yi masa mubaya'a a 1817 bayan rasuwar Shehu.

Wajen shekara goma da hawansa sai ya yi abin da sarakuna ba su saba ba. Ya bar birnin da ya gina, inda hubbaren mahaifinsa yake, ya matsa arewa maso gabas, ya kafa Wurno a kan tudun da ke kallon fadamar Rima, ta fuskar da hari ke fitowa. Ya kira wurin ribaɗi, wato zaman tsaron iyaka domin Allah, kuma ya yi rubutu a kan falalar wannan zama da hukuncinsa. Ya tsayar da 'ya'yansa da 'yan'uwansa a wasu ribaɗan. Raba ma ribaɗi ce, kuma daga nan ɗansa Abubakar Atiku na Raba ya hau gadon Sarkin Musulmi a 1873. Jikan Atikun ne Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Raba. A ribaɗi akwai ganuwa da 'yan gadi, akwai masallaci da makaranta, akwai gona. Bello ya zaunar da Fulani makiyaya, ya ƙarfafa musu karatu da noma. A wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaje a kan tushen siyasa, ya lissafa wa shugaba kula da manoma da maƙera da marina a cikin nauyin da ke wuyansa. Ya yi rubutu a kan maganin ciwon ido, da maganin basur. Mai tsammanin ciwo ƙaddara ce da ba a taɓawa ba zai ɓata tawada a kan haka ba.

A 1836, yana da shekara 55, ya fita da kansa zuwa Gawakuke ya gamu da rundunar Gobir da Maraɗi da Azbinawa, ya yi nasara. Tarihi ne wannan, kuma ba a ambata shi don tayar da tsohon miki ba: jikokin waɗanda suka tsaya a ɓangarorin biyu yau sahu ɗaya suke bi a Goronyo da Wurno, kuma 'yan bindiga ba su tambayi asalin kowa ba a kasuwa. Shekara guda bayan haka, a watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, ajali ya same shi a Wurno, aka binne shi a cikin ribaɗinsa. Ɗansa Aliyu Babba ya ci gaba da zama a nan, kuma a nan Baturen Jamus Barth ya iske shi a 1853.

Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi nata ribaɗin ba tare da takobi ba. Yaƙi ya bar zawarawa da marayu da matan ƙauye da ba su san farillan alwala ba. Ta naɗa jajoji, ta sa musu malfa, suka riƙa jagorantar 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Ta yi wa ɗan'uwanta marsiyya ta yi kuka, ba ta kuwa dakatar da karatu ba har ta rasu a 1864.

Ibnu Aɗa'illahi na Iskandariyya, wanda ya rasu a 1309, yana da littafi sukutum a kan zubar da tadbiri, wato daina yi wa Allah tsari. Amma shi da kansa ya gargaɗi wanda Allah Ya tsayar a cikin sababi da kada ya yi kwaɗayin barin sana'a da sunan ibada, domin sha'awa ce ɓoyayya. Manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno an tsayar da shi a cikin sababi. Haka malamin allo a Gandi, haka mai saye da sayarwa a Goronyo. Tadbirin da ake so ya zubar shi ne na tsakar dare, wanda ke hana barci, ke sa mutum ya tuhumi Ubangijinsa, ko ya ɗauki alhakin wani ƙabila gaba ɗaya ya ɗora wa maƙwabcinsa. Tadbirin rana kuwa yana kansa: ya gyara bakin ruwa kafin damina, ya kai rahoto ga hukuma, ya nemi haƙƙinsa na tsaro ga waɗanda aka ɗora wa amana ba tare da jin kunya ba, ya ƙi sayar wa azzalumi abinci ko labari. Zawiyar da ta tara jama'a daren Juma'a don zikiri tana da muƙaddami da ya san gidan kowa, don haka ita ta fi kowa sanin wace bazawara ce ba ta ɗora tukunya ba, wane maraya ne ya bar makaranta tun da aka kashe ubansa. A ribaɗin Bello ba a raba mai gadi da mai wuridi ba, mutum ɗaya ne yakan sauko daga ganuwa da asuba ya shiga sahu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Tabanni da Gandi da kasuwar Goronyo, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya ba manoman Rima damina mai albarka, Ya haskaka makwancin Sarkin Musulmi Bello da na 'yar'uwarsa Asma'u. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.