Fim Ɗin da Aka Yi wa Tofin Allah Tsine, Aka Dawo Ana Yabo

Sharhinmu na yau ya leƙa Birtaniya, inda a 1960 darakta Michael Powell ya fitar da fim ɗin ban tsoro mai suna Peeping Tom.

Labarin wani matashi ne mai ɗaukar hoto, Mark Lewis, wanda ke kashe mata da tsinin da ya ɓoye a ƙafar kyamararsa, yana naɗar firgicinsu. Masu sharhi a jaridun Landan suka yi wa fim ɗin ca, suka kira shi ƙazanta. Tauraruwar Powell ta dusashe a ƙasarsa, har sai da ya tafi Ostireliya neman aiki. A 1960 ɗin ce kuma fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock ya cika gidajen sinima.

To me ya harzuƙa mutane haka a kan Peeping Tom, alhali jinin da aka nuna bai taka kara ya karya ba? Powell ya sa mai kallo yana ganin kisan ta idon kyamarar makashin, sai kowa ya ji kamar da hannunsa a ciki.

Wasu tsiraru dai ba su daina son fim ɗin ba. Cikinsu akwai darakta Martin Scorsese, wanda ya taimaka aka sake haska shi a Amurka a 1979. Yau ana lissafa fim ɗin cikin fitattun finafinan Birtaniya.

Tambayar da fim ɗin ya jefa mana tana nan daram a zamanin wayar hannu: me ke sa mu tsaya kallon wahalar wani, har mu ɗauke ta a hoto?